Mai Aski da Ƙwayar Aidin

A layin kowa Tsaf-Tsaf yake kiransa, domin duk wanda ya yi wa aski sai ya kakkaɓe masa wuya da buroshi, ya ɗaga ƙaramin madubi ya nuna masa ƙeya, ya ce, "Tsaf-tsaf." Shagon ba wani babba ba ne: kujerar aski ɗaya mai juyawa, bencin masu jira, babban madubi da ya tsage a kusurwa, sai fanka mai kuka kamar tsohuwar akuya. Tela ne maƙwabcinsa ta dama, mai gyaran waya ta hagu. Ya fi shekara goma a wurin, ba a taɓa jin ya yanki wani ba.

Ciwon da sanɗa ya shigo. Da farko zufa ce, ko da safe mutane na rufe da mayafi shi yana jiƙe sharkaf. Sai ci: yana cin abincin mutum biyu amma wando na zame masa, har sau biyu Tela yana rage masa ƙugu. Zuciyarsa ta riƙa bugu kamar an tayar da janareta a ƙirjinsa. Mutumin da bai iya faɗa ba ya koma abu kaɗan sai tsawa, har matarsa, Maman Biyu, ta fara hana 'yan biyunsu wasa kusa da shi. 'Yan mata ne masu shekara huɗu, kamarsu ɗaya sak, amma a gida ana kiran ɗaya Shiru, ɗayar Rigima, kuma kowace ta ci sunanta.

Daga baya ne hannun ya fara rawa. Ya ɓoye abin iya ƙarfinsa. Yakan dafa kan mutum da hagu ya danne gwiwar hannunsa a jikin kujera. Amma wata safiya yana gyara wa wani ma'aikacin banki saje, reza ta zame ta shafci ƙasan kunne. Jinin bai taka kara ya karya ba, mutumin ma cewa ya yi, "Ba komai, tsautsayi ne." Sai dai ta madubi Tsaf-Tsaf ya ga idon mutumin a kan hannunsa. Yana fita ya ja ƙofar shagon ya zauna a benci, ya sa hannayensa tsakanin cinyoyinsa.

A haka yayarsa ta same shi, don Maman Biyu ce ta kira ta a waya. Ita ce babbarsu, ita ta ƙarasa rainonsa bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma malamar kimiyya ce a makarantar sakandare. Har yau Auta take ce masa, duk da furfurar da ta fara leƙowa a gemunsa.

"Miƙo hannunka, Auta. Duka biyun."

Ya miƙa. Ta zaro takarda daga jakarta ta ɗora a bayan hannun. Takardar ta shiga karkarwa kamar ganye. Ta ɗaga haɓarsa, ta ce ya haɗiyi yawu, ta kalli wuyansa.

"Tashi mu je asibiti."

"Yaya, gajiya ce kawai."

"Gajiyar da ke cin abincin mutum biyu? Ɗauko hularka."

Likitar mace ce mai magana a hankali. Bayan gwajin jini ta ce masa akwai wani ɗan ƙululu a gaban wuyan kowane mutum, wanda idan ya kumbura ake cewa maƙoƙo. Shi ke tsara saurin aikin jiki, nasa kuwa ya ɗauki gudu ba birki. Ta ba shi magunguna. Wata biyu ya ji sauƙi, sai ƙuraje suka feso masa da ƙaiƙayi, gwaji kuma ya nuna maganin ya fara taɓa jininsa. Likita ta ce a dakatar.

"Saura hanya biyu," in ji ta. "Ko tiyata, ko kuma ka haɗiyi ƙwayar aidin mai radiyeshan. Sau ɗaya ake sha. Ni ita nake ba ka shawara. Sai dai bayan ka sha za ka nisanci yara da masu ciki na ɗan lokaci. Akwai mai ciki a gida?"

"Matata," ya ce. Cikin ya shiga wata na shida.

Ta ci gaba da bayani, amma shi kalma biyu kawai suka zauna masa, radiyeshan da mai ciki. Suna fitowa ya tsaya a barandar asibitin ya ce wa yayarsa shi kam ba da shi ba.

"Abin da ake bam da shi za a ɗura mini? Abin da aka ce kada ya kusanci mai ciki, shi zan haɗiya da bakina? Gara a yanka."

"Lallai wanzami ba ya son jarfa," in ji Yaya. "Kai da ka wuni kana ɗora wa mutane reza a maƙogwaro. Zauna nan."

Suka zauna a wani benci ƙarƙashin bishiya. Ta ɗebo tsakuwa a ƙasa ta tara a tafin hannunta.

"Komai da kake gani, kai da ni da bencin nan, da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani. Ƙwayar zarra ake ce musu. Kowace tana da cibiya, wasu 'yan mitsi-mitsi na kewaya ta. A cibiyar akwai abu iri biyu, furoton da niyutiron. Yawan furoton shi ne sunan abu. In guda hamsin da uku ne, to aidin ne, ko a ina ka same shi."

"Aidin ɗin da nake shafa wa rauni?"

"Shi. Shi ne kuma ake sa wa a gishiri. Amma niyutiron yana iya ƙaruwa ko ya ragu, sunan bai canja ba. Su ake kira aisotof. Ka ɗauki Shiru da Rigima. Kai kanka sai ka ƙura ido kake bambanta su, ko ƙarya na yi?"

Ya yi ɗan murmushi. "Sai Rigima ta buɗe baki."

"To aidin ɗin gishiri Shiru ce, tana zaune lafiya har abada. Wanda za a ba ka Rigima ce. Niyutiron huɗu suka yi masa yawa a cibiya, sai ya kasa zama. Yana nan yana nan sai ya watso tartsatsi ya huta, ya koma wani abu dabam. Tartsatsin nan shi ne radiyeshan ɗin da kake tsoro. Shi kuwa ƙululun wuyanka ba abin da yake so kamar aidin, kuma bai iya bambanta 'yan biyun ba. Duk wanda ya shigo jiki sai ya wawure. Ka ga da kansa zai kwashi maganin ya kai ɗakinsa. Mafi ƙarfin tartsatsin bai wuce kaurin farce yake tafiya a cikin nama ba, don haka a can zai yi aikinsa, ya rage wa ƙululun ƙarfi."

"To me ya haɗa shi da Maman Biyu?"

"Akwai wani kaso da ke ratsa fata ya fito, kamar zafin garwashi. Na kusa ya fi ji, na nesa da ƙyar. Wani kuma yana fita ta fitsari da yawu. Babba ba abin da zai yi masa, amma ɗan tayi da yara ba a wasa da nasu."

"Kuma haka zan zauna da shi har in mutu?"

Ta zubar da tsakuwar, ta yago takarda daga littafinta. Ta raba ta biyu ta jefar da rabi. "Bayan kwana takwas rabinsa ya huce." Ta sake raba wadda ta rage. "Wasu takwas, rabin rabin." Ta yi ta rabawa har abin da ya rage a yatsunta bai kai ƙwayar shinkafa ba. "Ba mai hanzarta shi, ba mai tsayar da shi. Ban da wanda za ka fitar a banɗaki. Shekara ashirin ina koyar da wannan, ban taɓa zaton a wuyan ƙanena zan ga amfaninsa ba."

Ya daɗe yana kallon guntun takardar. Can ya ce, "A ina zan kwana?"

"Ɗakin baya na gidana. Yarana sun tashi, ba kowa sai ni da littattafai, kuma da banɗakinsa."

Ranar shan maganin, wani ma'aikaci sanye da safar hannu ya shigar da shi wani ɗaki a ƙarshen baranda. Ya turo wata 'yar tukunya a kan keke, ƙarama amma da ka ga yadda yake ɗaga ta ka san da nauyi, don da darma aka yi ta. A ciki ƙwaya ɗaya ce tak, irin ta maganin zazzaɓi. Tsaf-Tsaf ya yi bisimilla ya haɗiye da ruwa. Ya jira ya ji zafi ko jiri. Bai ji komai ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan," in ji ma'aikacin. Ya ja da baya ya nuno shi da wata na'ura mai kama da rediyo. Nan take ta shiga ƙas-ƙas-ƙas ba ƙaƙƙautawa, kamar ruwan sama a kan kwano. Ya ƙara taku biyu baya, ƙarar ta ragu sosai. "Ka ji? Nisa shi ne magani. Ka sha ruwa da yawa, ka kora banɗaki sau biyu, kwanonka da cokalinka naka kai kaɗai."

Ɗakin Yaya na baya cike yake da kwalayen tsofaffin littattafai, da gado ɗaya da taga mai kallon tsakar gida. Tana ajiye masa abinci a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta koma. Da la'asar takan fito da kujera baranda tana duba aikin ɗalibai, shi kuma ya zauna a bakin ƙofarsa, su yi hira da tsakar gida a tsakaninsu. Rabon da su yi doguwar hira irin wannan tun kafin ya yi aure. Ta ba shi labarin yadda yana yaro ya aske wa kyanwar maƙwabta rabin baya da almakashin mahaifiyarsu. Ya rantse bai tuna ba. Ta ce kyanwar kam ta tuna, don ba ta sake shiga gidan ba.

A mako na biyu Maman Biyu ta kawo yaran su gan shi. Yaya ta ɗauko alli ta ja layi a simintin tsakar gida, ta ce nan ne iyaka. Ita Maman Biyu a bakin ƙofar gida ta tsaya, hannunta a kan cikinta. Da ya fito, yaran suka yi turus. Sumarsa ta taru, gemu ya barbaje.

"Baba ya zama dodo!" in ji Rigima, ta kwasa a guje za ta wurinsa. Yaya ta cafke ta a daidai layin. Yarinyar ta fashe da kuka tana miƙa hannu. Shiru kuwa ta tsuguna ta sa yatsa tana goge allin.

Tsaf-Tsaf ya tsaya daga bakin ƙofarsa. Ya rasa abin yi, sai ya kumbura kumatu ya ɗaga hannuwa ya yi gurnani irin na dodon. Rigima ta tsaya da kukan, da hawayenta a fuska ta soma dariya.

"Kana cin abinci?" Maman Biyu ta ɗaga murya daga ƙofa.

"Kamar gara. Shi fa na ciki?"

"Yana ta shuri. Ya ce a gaya maka ka yi aski."

Da mako na uku ya ƙare ya koma asibiti. Ma'aikacin ya sake nuno shi da na'urar. Wannan karon ƙas take yi ta huta, ta sake ƙas, kamar ɗigon famfo. Ma'aikacin ya matso daf da shi ya sake aunawa, ya duba takardarsa, ya ce, "Koma gida, Malam. Ka rungumi wanda ka ga dama. Aikinka ma ka koma." Likita ta ƙara masa da cewa rawar hannun ba rana ɗaya za ta tafi ba, ta bar masa wani ƙaramin magani mai lafar da ita kafin aidin ya gama aikinsa.

A gida 'yan biyun suka ɗale shi, ɗaya a wuya ɗaya a ƙafa, har ya zauna daɓas a ƙasa.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Ya buɗe shago ya share, ya wanke tawul, ya zuba wa injin aski mai, ya zauna. Har azahar ba wanda ya leƙo. Mutanen da ya saba yi wa aski suna wucewa ta ɗaya gefen titi suna ɗago masa hannu daga nesa. Washegari ma haka. Mai gyaran waya ne ya tsegunta masa, shi ma daga bakin ƙofa: Tela ya gaya wa mutane an ɗura masa nukiliya, wai duk kan da ya taɓa gashin ba zai sake tsirowa ba, wai ma in an ɗauke wuta yana haske.

Ya leƙa shagon Tela. "Maƙwabci, ni ne nake haske?"

Tela ya tura kekensa na ɗinki baya har ya bugi bango. "Ni ba haka na ce ba. Cewa na yi an ce. Ka ɗan tsaya daga nan, ka san ina da iyali."

Tsaf-Tsaf ya so ya kawo masa zancen 'yan biyu da takardar da ake rabawa, amma ya ga idon mutumin, ya san ba kunnen ji. Ya koma ya zauna.

Labarin ya kai kunnen surukinsa, mahaifin Maman Biyu, tsohon direban babbar mota wanda ya yi shekaru yana aske kansa da kansa don bai yarda da hannun kowa ba. Da hantsi sai ga shi da sandarsa. Tsaf-Tsaf ya miƙe da sauri ya rusuna.

"Baba, sannu da zuwa. Da ka aiko ai da na zo."

"Fito da kujerar nan waje."

"Waje, Baba?"

"Cikin shagon ya yi mini zafi. Nan bakin titi."

Ya jawo kujerar har gaban shago, daidai inda Tela zai gani in ya ɗaga kai. Tsohon ya zauna ya cire hula, ya ɗora ta a gwiwa.

"Likita ta ce ka warke daga abin?"

"Ta ce ba abin da zan shafa wa kowa, Baba. An auna ni. Hannun ne dai da saura kaɗan, don haka inji zan sa, ba reza ba."

"Sa abin da ka ga dama. 'Yata tana kwana ɗaki ɗaya da kai da tsohon ciki, ni da gashi huɗu ya rage wa zan ji tsoro?"

Ya yi askin a hankali, tsohon na gaisawa da duk wanda ya wuce, da ƙarfi, yana kiran kowa ya tsaya. Da aka gama ya shafa kansa, ya juya wajen shagon Tela. "Kai mai ɗinki! Nan da sati zan dawo in nuna maka ko ya tsiro."

Ya kuwa dawo. Ya tsaya a ƙofar Tela ya cire hula, ya sa shi dole ya taɓa. Gani ya kori ji. Mai gyaran waya ne ya fara zama a kujerar, sai wani ɗan tasi, sai ubanni suka fara kawo yaransu. Ba duka suka dawo ba, wasu sun riga sun saba da wani shagon, amma bencin ya daina zama fayau.

Jikin ma ya riƙa dawowa da kaɗan-kaɗan. Zufar ta tafi, barci ya dawo, wando ya fara matse shi. Wata rana ya lura yana zare zare daga bakin almakashi ba tare da ya dafa komai ba. Ya ɗauki reza ya gwada a nasa gemun tukuna, sannan ya koma yi wa mutane. A gwajin wata na uku likita ta ce ƙululun yanzu ya yi sanyi fiye da yadda ake so, abin da dama ta ce yana iya faruwa, don haka zai riƙa shan ƙwaya ɗaya kowace safiya, wataƙila har iya rayuwarsa. Abin ya ɗan sosa masa rai. Maman Biyu ta ce ita za ta riƙa ajiye masa kusa da buroshin haƙori, ya daina ɓata fuska kamar an ce ya shanye guga guda na magani.

Tela shi ne na ƙarshe. Ya yi ta fama da suma har ta fara fitowa ta gefen hula, don ɗaya mai askin da nisa kuma ba ya son barin shago. Wata safiya ya shigo yana sosa ƙeya, ya zauna a kujera. Tsaf-Tsaf ya ɗaura masa mayafi ya kunna inji. Ya gama gefen dama ke nan wayarsa ta yi ƙara. Yaya ce.

"Auta, ajiye abin da ke hannunka. Naƙuda ta tashi, muna hanyar asibiti."

Ya kashe injin ya jefa a kan tebur, ya fara laluben takalminsa.

"Kai, kai, maƙwabci!" in ji Tela yana kallon kansa a madubi, rabi fes rabi daji. "Haka za ka bar ni?"

"Sa hula. Ka kula mini da shago."

Sai bayan la'asar ya dawo, bakinsa har kunne, ya tarar da Tela zaune a benci da hula har gira, ya sallami mutum uku ya ce su dawo gobe.

"Me aka samu?"

"Namiji. Suna lafiya, shi da uwar. Ka ga sumarsa kuwa?"

"Allah ya raya," in ji Tela, ya cire hular ya koma kujera. "To zo ka ƙarasa wannan tukuna, tun safe ko ruwa na kasa fita in saya."